Haɗarin Motar Haya: Abin da Fasinja Zai Yi In Ya Ji Ciwo

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kowa da kowa. A birnin Yamai, masu motar kansu kaɗan ne. Ma'aikaci mai zuwa wurin aiki, da mai lambu da ke kawo salati da kabeji daga bakin kogi, da uwa mai kai yaro awo, duk abin hawa na haya suke shiga. Wani ya tare taksi mai jan kai. Wani ya shiga faba-faba. Wani ya hau kabu-kabu don ya yi sauri. Yanzu kuma akwai motocin da ake kira ta wayar salula, su zo har ƙofar gida.

Fasinja ba shi ne ke tuƙi ba, amma in tsautsayi ya faɗa, jikinsa ne ke biya. Sau da yawa ana yin asara biyu. Ta farko asarar lafiya, don an yi jinkirin zuwa asibiti. Ta biyu asarar haƙƙi, don ba a rubuta kome ba, ba a ajiye takarda ko ɗaya ba. Wannan darasi zai nuna mana yadda za mu kauce wa asarar nan biyu.

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Rahoton ya nuna cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ne ke rasa rai kowace shekara a haɗarin hanya. Waɗanda ke jin ciwo ba su mutu ba sun kai miliyan 20 zuwa 50. A duniya, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen hanya, ko da yake motocinta ba su kai na sauran ba.

A ƙasarmu akwai hukumar kiyaye haɗarin hanya da ake kira ANISER. Akwai ƴan sanda, da jandarma, da ƴan kwana-kwana. Amma kafin ɗayansu ya iso, mutanen da ke wurin su ne likitocin farko. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin yi.

MINTI NA FARKO

In mota ta tsaya bayan karo, kada ka yi zumbur ka tashi. Tsaya ka saurari jikinka. Motsa yatsun hannu. Motsa yatsun ƙafa. Ja numfashi a hankali. In wuya ko gadon baya yana maka ciwo, ko ka ji hannu ko ƙafa ta mutu, ka zauna yadda kake. Ka ce wa masu taimako kada su ja ka. A cikin ƙashin baya akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. In ƙashin ya tsage aka lanƙwasa mutum, lakar tana iya yankewa, mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa.

Dalili uku ne ke sa a fitar da irin wannan mutum da gaggawa: wuta ta kama, ko mota ta faɗa ruwa, ko wata mota na iya zuwa ta taka shi. A nan ma mutum uku ko huɗu za su ɗauke shi tare. Ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu, domin kai da wuya da baya su zauna a miƙe kamar sanda.

In kana iya tafiya, ka fita ka koma gefen hanya, nesa da motoci. A kashe injin. Kada kowa ya kunna taba, domin mai yana iya zuba a ƙasa. A sa alama nesa kaɗan da wurin, gaba da baya, don masu zuwa su rage gudu. Wannan ya fi muhimmanci da dare, da kan gada, kamar Gadar Kennedy, inda hanya ba ta da faɗi.

LAMBOBI UKU

Ga lambobi uku da za mu haddace kamar sunayen ƴaƴanmu. Kiransu kyauta ne.

15: SAMU, wato likitocin gaggawa masu motar ɗaukar marasa lafiya.
17: ƴan sanda.
18: ƴan kwana-kwana, waɗanda muke ce wa pompiye.

Aikin pompiye bai tsaya ga kashe gobara ba. Su ne ke kwasar mafi yawan waɗanda suka ji ciwo a titunan birni.

In ka kira, ka yi magana a natse. Faɗi abu huɗu: wurin, da abin da ya faru, da yawan waɗanda suka ji ciwo, da halin da suke ciki. Wajen faɗin wuri, ka ambaci abin da kowa ya sani. Misali ka ce: "Kusa da tashar Wadata," ko "Gaban kasuwar Katako," ko "Bayan an sauka gada, ɓangaren Harobanda." Kada ka kashe waya sai mai amsawa ya sallame ka.

TAIMAKON GAGGAWA

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. In jini mai yawa ya zuba, rai yana cikin haɗari cikin ɗan lokaci. Ga abin yi da abin bari:

1. In jini na zuba, a sami ƙyalle mai tsabta, ko ɗankwali, ko rawani, a danne wurin da ƙarfi. A riƙe har minti 10 ba a ɗaga ana leƙawa ba. In ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa, kada a cire na farko.

2. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko garin taba, ko man birki, ko baƙin mai a kan rauni. Waɗannan suna shigar da ƙwayoyin cuta, su kuma ƙara wa likita wahalar wanke ciwon.

3. In ƙarfe ko gilashi ya shige jiki ya tsaya, kada a zare shi. Wataƙila shi ne ya toshe jijiyar jini. A tare shi da ƙyalle ta kowane gefe.

4. In ƙashi ya karye, kada a ja, kada a murɗa. A tallafe gaɓar da katako ko kwali mai kauri, a ɗaure sama da ƙasan wurin karayar, ba da matsewa ba.

5. Wanda ya suma amma yana numfashi, in an ga zai yi amai, ko dole a bar shi shi kaɗai, a juya shi a kan gefensa a hankali, ana riƙe da kai. Haka amai ba zai shaƙe shi ba.

6. Mai hular kwano, a bar masa ita a kai, sai fa in ta hana shi numfashi.

7. Kada a ba wanda ya ji ciwo mai tsanani ruwa, ko hura, ko abinci, ko da ya roƙa. Mun san wannan yana da wuya ga mai tausayi. Dalili shi ne, in za a yi masa aiki a asibiti, ana so cikinsa ya zama babu kome. Wanda hankalinsa bai dawo sosai ba kuwa, ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi.

Wani abu kuma: kada a taru a kan direba da duka. Tsoron duka ne ke sa direbobi da yawa gudu. In direba ya gudu, takardun mota sun gudu tare da shi, kuma fasinja ne zai sha wahalar nema.

RUBUTU KAFIN A WATSE

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Magana zarar bunu ce, amma abin da aka rubuta yana nan. In hannunka yana aiki, ka rubuta da kanka. In ba ya aiki, ka roƙi wani ya rubuta maka, ko ya ɗauki hoto da salula. Abubuwan rubutawa su ne:

1. Rana, da wata, da ƙarfe nawa, da sunan wurin.
2. Lambar motar da kake ciki. In taksi ce, a haɗa da lambar da ke rubuce a jikin ƙofa.
3. Lambar ɗayar motar ko babur, in karo aka yi.
4. Sunan direba da lambar wayarsa, da sunan mai motar, domin sau da yawa direba ɗan aiki ne.
5. Sunan kamfanin inshora, da lambar takardar, da ranar ƙarewarta. Inshora ita ce muke ce wa asiransi. Ana manna ƙaramar takardarta a gilashin gaba.
6. Suna da lambar waya na shaidu biyu, ko sauran fasinjoji.

In ta manhajar salula ka kira motar, kada ka goge kome. Sunan direba, da lambar mota, da lokacin tafiya suna cikin wayarka. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye. Ka kuma sanar da masu manhajar a rubuce cewa an yi haɗari.

Ƴan sanda za su zo su auna wurin su yi rubutu. Wannan shi ne konsta. A cikin birni aikin ƴan sanda ne, a bayan gari kuwa aikin jandarma ne. Ka tabbata sunanka ya shiga cikin jerin waɗanda suka ji ciwo. In an wuce da kai asibiti kafin su iso, ka aiki ɗan'uwanka ofishinsu ya ba da sunanka, kamar yadda yake a katinka na ɗan ƙasa. Fasinjan da sunansa bai shiga takardar ba zai sha wuya kafin ya tabbatar cewa yana cikin motar.

A JE ASIBITI KO BA A GA JINI BA

Mutane da yawa suna tashi su kakkaɓe riga su ce, "Ba kome, na tsira." A lokacin firgita jiki yana ɓoye zafi. Sai an kwana, ko bayan wasu awoyi, ciwo ya fito. Mafi haɗari shi ne jinin da ke zuba a ciki, inda ido ba ya gani: cikin ƙoƙon kai, ko ƙirji, ko ciki. Saifa da hanta suna iya fashewa alhali fata ba ta ko ƙuje ba.

Saboda haka a ga likita a ranar da abin ya faru. A Yamai akwai Babban Asibitin Ƙasa. Akwai asibitin Amiru Bubakar Jallo a Lamorde, a hayin kogi. Akwai babban asibitin Referansi da aka ƙaddamar a 2016, da asibitin jiha na Pudiriyer. Mace mai ciki kuwa, ko ba ta jin ciwon kome, a duba ta a duba abin da ke cikinta. Asibitin haihuwa na Issaka Gazobi yana karɓar irin wannan larura.

Ka gaya wa likita kome: inda ka zauna a motar, da inda ka bugu, da ko ka suma, da magungunan da kake sha. Kada ka ɓoye ƙaramin ciwo don kunya. In akwai rauni a fata, ka tambayi allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandare jiki. Ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni. In an nemi jini, dangi su daure su bayar. Mai lafiya ba ya cutuwa don ya ba da leda ɗaya.

Game da kuɗi, mu tuna cewa tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da na kwanciya a asibitocinta. Kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da ciwo a ɗaka.

ALAMOMIN DA ZA A KOMA ASIBITI DA GUDU

In an sallame ka, kada ka kwana kai kaɗai a kwana biyun farko. Wani ya riƙa lura da kai. A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai a kai a kai.
2. Barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ruɗewa, ko magana ba kan gado.
3. Jini ko farin ruwa yana fita ta kunne ko hanci.
4. Jijjiga irin ta farfaɗiya, ko rashin ƙarfi a ɓari ɗaya na jiki.
5. Ciwon ciki, ko ciki ya yi tauri ko ya kumbura.
6. Jiri, da gumi mai sanyi, da ƙishirwa mai tsanani, da bugun zuciya da sauri.
7. Wahalar numfashi, ko tari da jini, ko fitsari da jini.
8. Ga mai ciki: zubar jini ko ruwa, ko ciwon mara, ko ɗa ya rage motsi.
9. Ga wanda aka sa wa filasta: yatsu su kumbura, su yi sanyi, su canja launi, ko su mutu.

Kada a sayi ƙwaya wurin masu tallar magani a kan titi. Aspirin yana ƙara zubar jini. Tramol yana rufe zafi ya kawo barci, har a kasa gane cewa ciwon kai yana tsananta. A sha abin da likita ya rubuta kawai.

MAGANAR ƊORI

Mun san jama'armu sun yarda da masu ɗori, kuma sana'a ce ta gado. Amma karayar mota ta bambanta da ta wanda ya faɗo daga kan jaki. Ƙarfin bugun ya fi yawa. Ƙashi yana iya farfashewa gida-gida, ko ya huda fata, ko ya yanki jijiya. Hannu ba ya ganin wannan, sai hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo.

Shawararmu ita ce a fara da asibiti a yi hoto. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu, da ta gadon baya, da wadda ta shiga cikin gaɓa, aikin asibiti ne kaɗai. Ɗauri mai matsewa kuma yana hana jini gudu. In jini ya tsaya, nama ya mutu, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa. Wannan ya fi samun yara. Bayan haka, kamfanin inshora ba ya aiki da maganar baka. Wanda ya gudu daga asibiti ba shi da takardar likita, wanda ba shi da takarda kuwa hujjarsa ta yi rauni.

TAKARDU HUƊU

Ka sami jaka ko leda mai kyau, ka ware ta don waɗannan takardu:

Ta farko, takardar shaidar likita ta farko. A cikinta likita yake rubuta raunukan da ya gani da kwanakin da za ka yi ba aiki. Ka nemi wannan tun a kwanakin farko.

Ta biyu, takardun magani da na gwaji, da hotunan ƙashi, da rasit na kowane kuɗi da ka biya, kome ƙanƙantarsa.

Ta uku, takardar rahoton ƴan sanda ko jandarma, wadda ake kira PV.

Ta huɗu, takardar likita ta ƙarshe, ranar da ya ga ka warke, ko ciwon ya tsaya inda zai tsaya. Ita ce ke nuna ko an sami naƙasa.

Ka yi kofi na kowace takarda. In ka miƙa wa wani ofishi takardu, ka nemi a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kofinka. Ma'aikacin da ke da rajista a CNSS, in haɗarin ya same shi a hanyar zuwa aiki ko dawowa, ya sanar da mai gidan aikinsa nan da nan, domin irin wannan yana shiga cikin haɗarin aiki.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Ƙasarmu tana cikin wata ƙungiya ta ƙasashen Afirka mai kula da sha'anin inshora, sunanta CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyarta a birnin Yawunde na Kamaru ranar 10 ga Yuli 1992, dokarta kuma ta fara aiki a 1995. Benin, da Burkina Faso, da Mali, da Cadi, da Senegal duk suna ciki. Ga abin da ya shafi fasinja a taƙaice:

1. Dole ne kowace mota da kowane babur su kasance da inshora. Amfaninta shi ne biyan waɗanda abin hawan ya cutar, har da fasinjojin da ke ciki. Kamfanoni irin su SNAR-Leyma, da CAREN, da SUNU suna wannan aiki a ƙasarmu.

2. Kamfanin da zai yi maka tayin diyya shi ne na motar da kake ciki, ko da mota biyu ko uku suka yi karo. Ba sai ka jira an gama gardamar wane direba ne mai laifi ba. Kamfanonin za su daidaita tsakaninsu daga baya.

3. Jami'an da suka yi konsta za su aika wa kamfanin rahotonsu cikin wata 3. Kana da ikon neman kofinsa wurin kamfanin.

4. Doka ta yanka wa kamfani wa'adin da zai gabatar maka da tayinsa. In ya makara, akwai ƙarin kuɗi da ake ɗora masa. In wa'adin ya cika ba a daidaita ba, hanyar kotu a buɗe take.

5. Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani bisa rasit, da asarar kwanakin aiki, da naƙasa, da zafin ciwo, da tabon da ya ɓata kama. In rai ya yi halinsa, akwai kuɗin jana'iza da haƙƙin mata da ƴaƴa da iyaye. Kuɗin magani yana da iyaka, ana auna shi da farashin asibitocin gwamnati. A lura da wannan kafin a zaɓi asibiti mai tsada.

6. Mai albashi zai kawo takardun albashinsa. Manomi, ko mai talla, ko matar gida da ba su da takardar samun kuɗi, su ma suna da haƙƙi. Ana yi musu lissafi a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma jaka 42 a wata a shekarar 2024.

7. In likitan kamfani zai duba ka, kana da ikon zuwa da likitan da ka zaɓa. Kana kuma da ikon ɗaukar lauya, amma kai za ka biya su.

8. In ka sa hannu a kan sulhu, sannan ka ga an saɓa wa doka a lissafin, kana da kwana 15 ka janye, ta wasiƙar da gidan waya zai ba ka shaidar isarta.

9. Bayan shekara 5 daga ranar haɗari, ƙofar ƙara ta rufe. Kada ka ga shekara 5 da yawa. Shaidu suna ƙaura, takardu suna ɓacewa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

In motar ba ta da inshora, haƙƙinka bai faɗi ba. Yana kan direba da mai motar, sai dai karɓarsa ta fi wuya, kuma sau da yawa sai an je gaban alƙali. In kuma kamfani ya yi ta ja maka rai, akwai ofishin da ke sa ido a kan kamfanonin inshora a Ma'aikatar Kuɗi. Ana kai masa kuka a rubuce.

Takardun ofis da Faransanci ake yin su. Ka fara tsara maganarka da Hausa a littafinka, sannan ka kai wa mai rubuta wasiƙa ko wani amintacce ya juya maka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka yi hattara da dillalan da ke zagaya asibiti suna cewa a ba su wakilci su karɓo kuɗi. Wasu sukan karɓi da yawa su kawo kaɗan.

SASANTAWA DA YAFIYA

A al'adarmu, in abu ya faru mukan ce ƙaddara ce, mu yafe. Yafiya halin kirki ce, ba mai musun haka. Amma mu lura da abu biyu. Na ɗaya, kuɗin diyya daga kamfani yake fitowa. Mai mota ya riga ya biya inshora domin irin wannan rana. In ka bar haƙƙinka, kamfani ka bar wa, direba bai ƙaru da kome ba. Kana iya yafe wa direba a zuciyarka, ku yi musafaha, kuma ka bi takardunka.

Na biyu, kada a yi sulhu a bakin titi. Direba zai miƙo jaka 5 ya ce a sayi magani, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku hoto ya nuna karaya, aikin da zai ci jaka ɗari ko fiye. A lokacin babu mota, babu lamba, babu shaida. Sai a sayar da tunkiya ko hatsin da aka ajiye don damina. In direba ya kawo taimako a asibiti, a karɓa a gode, a rubuta adadin a gaban shaidu. Amma kada a ce an rufe magana sai likita ya faɗi tasa. Haƙƙin yaro ƙarami kuwa amana ce a hannun manya, doka ma ta sa masa kariya ta musamman.

MU YI LISSAFI

Ga misali don gwaji. Alƙaluman na koyo ne kawai. A ce wata mai sayar da kayan miya ta karye a hannu cikin taksi. Ga abin da ta kashe:

Ganin likita: 2.000
Hoton ƙashi: 5.000
Magani na farko: 8.500
Filasta: 10.000
Magani na biyu: 4.500

Jimla: sefa 30.000, wato jaka 30.

In ta yar da rasit na magani guda biyu, ta yar da 13.000. Abin da za ta iya nunawa ya koma 17.000. In kuma likita ya rubuta mata hutun wata 2, ba ta da takardar albashi, za a yi lissafi a kan 42.000 sau 2, wato 84.000. Ba tare da takardar likita ba, wannan kuɗi ba zai fito ba. Kun ga ƴar takarda tana iya fin tunkiya daraja.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kafin ka shiga, dubi gilashin gaba ko akwai takardar inshora. Kada ka yarda a cusa ku biyu a kujerar gaba. In akwai bel, ka ɗaura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa har da kusan rabi. In za ka hau kabu-kabu, ka nemi hular kwano ka ɗaure igiyarta. Yara su zauna a baya. In direba yana gudu fiye da kima, ko yana waya, ko ka ga alamar ya sha wani abu, ka yi masa magana. In bai ji ba, ka sauka. Gara a makara da a rasa isa. Ka kuma rubuta sunanka da lambar wani ɗan'uwanka a ƴar takarda, ka sa a aljihu kullum.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne lambobi uku ake kira in an yi haɗari? Kowace ta wane ne?
2. Don me ba a ba wanda ya ji ciwo mai tsanani ruwa?
3. Faɗi abu shida da za a rubuta kafin a bar wurin haɗari.
4. Faɗi alamomi biyar da za su sa a koma asibiti da gaggawa.
5. In taksi da babbar mota suka yi karo, kamfanin wace mota fasinjan taksi zai nufa?
6. A misalin lissafi, nawa ne jimlar kuɗin magani da na hutun wata 2, in matar ta ajiye takardunta duka?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta lambobin nan uku da manyan baƙaƙe, ya manna a bangon ɗakinsa. A fita farko da zai yi, ya karanta lambar motar da ya shiga, ya rubuta a littafinsa, ya kawo aji. Malamai su sa ɗalibai su gwada kiran gaggawa biyu-biyu: ɗaya mai kira, ɗaya mai amsawa. Wanda ya karanta wannan shafi kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.